Baba ya ajiye maganin likita, ya kama wanda Yaya ya aiko

Assalamu alaikum, Anti.

Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi. Ni ce autar ɗakinmu, kuma tun rasuwar Mama ni ke zaune da Baba. Shekarunsa 63, sana'arsa goro, yana da ciwon suga da hawan jini. Wata biyar da suka wuce, ya dawo daga sallar asuba sai muka ga bakinsa ya karkace, maganarsa ta harɗe. Kafin mu sami mota ma abin ya sake shi. A asibiti aka ce ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne, aka auna jini aka ce mugun kolestarol, wanda suke rubutawa LDL, ya kai 4.6. Aka ɗora shi a kan atobastatin, ƙwaya ɗaya kowane dare.

Ya sha wata biyu, sai ya fara kukan ƙafafu. Ana cikin haka yayana da ke Jamus ya aiko da kwalabe shida na ƙwayoyin siterol, ya ce daga tsirrai ake yin su, ba su da illa, kuma a can har cikin bota ake zuba su. Baba ya ajiye na likita ya kama na Yaya, yau wata uku ke nan. Na suga da na hawan jini dai yana sha.

Sau ɗaya na yi magana. Baba ya ce na fi yarda da bare a kan ɗan uwana. Yaya kuma ya ce a waya in daina nuna na fi kowa boko, shi da guminsa ya saya. Tun daga nan na ja bakina, amma ba na barci. Anti, maganin nan yana aiki? In yana yi, in kwantar da hankalina. In ba ya yi, ta ina zan ɓullo musu ba tare da na zama mara kunya ba?

'Yar Aboabo

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya jiƙan Mama, Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Rashin barcin nan naki yana da hujja. Kada ki bari makon nan ya fita ba ku koma asibiti ba. Ranar da bakin Baba ya karkace, wata jijiya ce mai kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe na ɗan lokaci, Allah Ya sa ta buɗe. Abin da ya jawo toshewar kuwa yana nan bai tafi ba. Wanda ya haɗa wannan da suga da hawan jini da LDL 4.6 yana sahun gaba cikin mutanen da likita ba ya so su yi mako guda babu magani, balle wata uku.

Amma kafin ki ɗaga waya ki kira Jamus, ki riƙe wannan da kyau, don da shi za ki shiga maganar: yayanki bai aiko da maganin ƙarya ba.

Siterol wani maiƙo ne da Allah Ya sa a cikin tsirrai. Akwai shi a gyaɗa, a riɗi, a wake, a man masara da man waken suya. Mai cin abinci irin na yau da kullum yana samun miligiram 200 zuwa 400 a rana ba tare da ya sani ba. Siffarsa ta yi kama da ta kolestarol ƙwarai, kamar 'yan ɗaki ɗaya. To a cikin hanji, kolestarol ba ya shiga jini da ƙafarsa, sai ya sami gurbi a wasu ƙananan ƙunshin maiƙo da ruwan matsarmama ke haɗawa idan abinci ya iso. Ki ɗauke su kamar motocin trotro a tashar Kejetia, kujeru ƙidayayyu ne. In siterol ya yi yawa a layi sai ya cinye kujerun, kolestarol da yawa ya rasa wuri, ya bi bayan gida ya fita. Shi kansa siterol ɗin hanji yakan koro mafi yawansa, kaɗan ne ke kaiwa jini. Maganar bota ma gaskiya Yaya ya faɗa. Tun 1995 aka fitar da wata bota mai suna Benecol a ƙasar Finlan, mai ɗauke da ɗan uwan siterol da ake kira sitanol. Kuma Tarayyar Turai ta yarda a rubuta a jikin irin waɗannan kaya cewa giram 1.5 zuwa 2.4 a rana yana rage kolestarol da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a mako biyu zuwa uku. In aka kai giram 3, ya kai kashi 12 da 'yar ɗoriya. Daga nan komai yawan da mutum ya ɗura wa cikinsa, ƙarin ba ya taka kara ya karya.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafi da lambar Baba. Cire kashi 10 daga 4.6, saura kamar 4.1. Wanda ya taɓa samun abin da Baba ya samu, likitoci suna neman LDL ɗinsa ya sauka ƙasa da 1.8, wasu ma 1.4 suke nema. Dubi tazarar da ke tsakanin 4.1 da 1.8. Atobastatin kuwa, in aka ba da shi da ƙarfinsa, yakan raba lambar kusan biyu, ya mai da 4.6 wajen 2.3, sannan likita ya duba abin da zai ƙara. Dalilin wannan bambanci shi ne mafi yawan kolestarol ɗin jikin mutum jikin ne da kansa ke ƙera shi, musamman hanta, ba daga kwano yake zuwa ba. In aka tare na hanji, hanta takan ƙara hura wuta ta cike wani ɓangare na giɓin. Shi kuwa sitatin, wato dangin magungunan da atobastatin ya fito daga cikinsu, can cikin hantar yake zuwa ya rage wutar, sai hanta ta koma janye LDL daga jini.

Akwai kuma abin da ya fi lambar nan nauyi a wurina. Mu shanyewar jiki da bugun zuciya muke gudu. A 2006 aka buga sakamakon wani babban gwaji mai suna SPARCL, a kan mutum 4,731 da suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ƙaraminsa, irin Baba sak. Rabi aka ba su atobastatin mai ƙarfi, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta, aka bi su kusan shekara biyar. Masu shan maganin, sake shanyewar jiki ya ragu musu da kashi 16 cikin 100, manyan matsalolin jijiyoyin zuciya kuma da kamar kashi 35. Siterol ba shi da irin wannan shaida. An tabbatar yana rage lamba a takardar awo, amma babu babban gwajin da ya nuna yana hana bugun zuciya ko shanyewar jiki. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'ida, ta ce kada a ba mutane shawarar shan sa don rigakafin ciwon zuciya. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fi sassauci. A ƙa'idojinta na 2019 ta ce ana iya amfani da shi ga mai kolestarol da haɗarinsa bai kai na shan magani ba, ko a ɗora shi a kan sitatin ga wanda lambarsa ta ƙi sauka yadda ake so. Ko ita mai sassaucin, ba ta ce a sauke wancan a ɗauki wannan ba.

Na daɗe ina aiki a ɗakin ba da magani, kuma abin da ya sa wasiƙarki ta tsaya mini a rai shi ne wani dattijo maƙwabcinmu. Shi ma gargaɗin farko ya zo masa ya wuce, ya ji garau, ya bar magani. Ranar da na je gaishe shi bayan na biyun, na tarar matarsa tana ba shi koko da cokali, rabi na shiga, rabi na zubowa ta gefen baki tana sharewa da bakin zanenta. Yana kallona, ya gane ni, yana so ya amsa gaisuwa, kalmar ta ƙi fitowa. Mutumin da ke jan sahu a masallacin unguwa. Ba na so ki ga Baba a wannan hali alhali akwai sauran dama.

Na san abin da ke riƙe zuciyar Baba: wannan na tsirrai ne, wancan na Bature. Ki ba shi labarin nan cikin hira. Kakan duk magungunan sitatin daga fumfuna aka samo shi. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya gano shi a shekarun 1970 bayan ya bincika dubban ire-iren fumfuna. Ƙwayoyin da ke cikin kwalbar Yaya kuma ba a tukunya aka dafa su ba. A masana'anta ake tace su, daga ragowar tace man waken suya ko daga maiƙon itatuwan da ake yin takarda da su. Duka biyun daga halittar Allah suka faro, duka biyun ta hannun inji suka biyo. Kuma hadisi ya zo cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta.

Ciwon ƙafar nan shi ne asalin matsalar, kuma na lura duk gidan kun tsallake shi kun koma gardamar kwalba. Kada ki ce wa Baba tsoro ne kawai, ciwon yana jin sa. Gaskiya ne sitatin yakan jawo ciwon tsoka ga wasu. Amma da aka tattara gwaje-gwaje 19 na mutum sama da 120,000 aka buga a 2022, an ga cewa fiye da tara cikin goma na ciwon tsokar da masu shan sa ke kuka da shi ba maganin ne ya kawo ba. Ga dattijo mai suga akwai wasu dalilai kusa: suga na lalata jijiyoyin ji na ƙafa, ga toshewar jijiyoyin jinin ƙafar, wadda alamarta ciwon sha-raɓa in an yi tafiya, ya lafa in an tsaya. In wannan na biyun ne, to shi kansa dalili ne na shan sitatin. Ki yi wa Baba tambaya ɗaya: cikin wata ukun nan da ya bar maganin, ƙafar ta daina ciwo? Amsar za ta taimaki likita ƙwarai. In ma ta tabbata maganin ne, hanyoyi na nan. Ana rage ƙarfinsa, ana canza shi da ɗan uwansa rosubastatin, ana haɗawa da wani mai suna ezetimib. Likita ne zai zaɓa, kada ki ɗauko tsohon fakiti ki ce ya ci gaba daga inda ya tsaya. Bayan ya koma sha kuma, in ciwon ya yi tsanani, jiki ya mutu, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi mai kauri, a tsayar a tafi asibiti a ranar.

Kwalaben Yaya fa? Ba sai an zubar ba. Ku tafi da ɗaya asibiti. In likita ya yarda a ɗora a kan sitatin, yakan ƙara rage wajen kashi 10, abin da ya fi ribar ninka ƙarfin sitatin ɗin, wanda kashi 6 kawai yake ƙarawa. In kuwa ezetimib aka ba shi, ribar siterol za ta yi ƙasa, don dukansu a hanji suke aiki. Ki juya bayan kwalbar ki karanta, ko ki ɗauki hoto ki aika wa Yaya ya fassara miki Jamusancin, hakan ma zai sa ya ji ana yi da shi. Sau da yawa babbar lambar da ke gaba ta ƙwaya biyu ce ko uku, ba ta ɗaya ba. In kuma an rubuta cewa siterol ɗin haɗe yake da mai, wanda suke kira esta, to cikin kowane miligiram 1,000 kamar 600 ne siterol na ainihi. Mai haɗiyar ƙwaya ɗaya da ruwa kafin ya fita masallaci, ciki babu komai, kusan asarar ta yake yi, don motocin nan da na faɗa miki ba sa lodi sai abinci ya iso. A tsakiyar cin abinci ake sha. Ki duba kuma da me aka yi ɓawon ƙwayar. In mai santsi ne kamar roba, yawanci jelatin ne, wanda ake yi daga fatar shanu ko ta alade, akwai kuma na tsirrai. Kada ki sha da kanki in kina da ciki ko kina shayarwa, kada a ba yara ƙanana. Akwai wata cutar gado da ba a cika samu ba, sitosterolemiya, wadda jikin mai ita ke tara siterol a jini, su an hana su gaba ɗaya. In kwalaben suka ƙare aka so saye a nan, a nemi mai lambar rajistar hukumar FDA ta Ghana, mai kula da abinci da magunguna, a kantin magani na gaskiya, ban da na masu talla a mota da lasifika.

Sai tukunya, inda ke ce mai iko ba tare da kin yi gardama da kowa ba. Wani bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Ghana da Najeriya, har da Komfo Anokye na nan garin, aka buga a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki a cikinmu, sai rikicewar kitsen jini. Cikin jerin har da yawan cin nama, ƙarancin ganye, da barbaɗa gishiri a kan abinci bayan an zuba. Duk waɗannan a hannunki suke. Ki dubi miyar da ta kwana, manjan da ya daskare a kanta har cokali na tsayawa. Kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke ɗaga LDL, man kwakwa ma ya fi shi. Ba na ce ki hana Baba manja ba, ki rage shi zuwa rabi, wani lokaci ki yi da man gyaɗa. Waken da ke cikin wake da shinkafa abokinsa ne, abin da ake jibga masa a kai ne matsalar: taliya, soyayyen nama, man miya ludayi biyu. Ki yawaita wake a kan shinkafa saboda sugansa. Tuwon zafi da miyar ayoyo ko kuɓewa ko kuka, kontomire da agushi, kifi a madadin kitsen tsire, gyaɗa cikin tafin hannu maimakon soye-soyen yamma. Yauƙin kuɓewa da ɓawon wake suna kama wani abu na kolestarol a hanji. Gishiri da dunƙulen magi a ja hannu, Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ta ce a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Siterol yakan ɗan rage sinadarin karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, a jini, don haka gwanda, karas da ganye kada su yanke a gidan.

To, ta ina za ki ɓullo musu? Ki fara da Yaya, ke da shi kaɗai, ba a zauren WhatsApp na dangi ba. Ki gane halin da yake ciki. Yana can nesa, an ce uba ya kusa faɗuwa, ba shi da hannun da zai tallafe shi sai kuɗinsa. Kwalabe shidan nan su ne jinyarsa. Da kika yi magana, abin da kunnensa ya ji shi ne jinyarsa ba ta da amfani. Don haka ki fara da godiya ta gaskiya. Ki ce masa: "Yaya, na bincika, maganin da ka aiko yana aiki, har an ce in aka haɗa shi da na asibiti ya fi. Matsalar ita ce Baba ya ajiye na asibitin gaba ɗaya, ni kuma ba ya jin tawa, taka yake ji. Don Allah ka kira shi ka ce ya koma a auna." Ina kyautata zaton Yaya bai taɓa cewa a bar na likita ba, ko kuma bai san girman abin da ya faru ranar da asuba ba. Ki ba shi labarin dalla-dalla, yadda bakin ya koma gefe, yadda kika kira Baba ya kasa amsawa. In yana son ya ƙara taimakawa, kuɗin awon jini da na'urar awon hawan jini ta gida sun fi wasu kwalabe shida amfani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Baba kuwa, kada ki sake ce masa maganin ɗansa ba ya yi. Ki zauna ƙasa kusa da shi bayan isha'i, lokacin da ya natsu, ki ce: "Baba, wata uku ke nan kana shan maganin Yaya, mu je a auna mu ga aikin da ya yi, a duba mana ƙafar nan kuma." Babu ƙarya a ciki, babu raini. Takardar awo za ta faɗi abin da bakinki ba zai iya ba, kuma daga bakin likita zai ji, girmansa bai taɓu ba. In ya ƙi, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, ƙaninsa, ko amininsa na kasuwar goro, ko limamin masallacinku, ki yi musu bayani a keɓe su sa baki.

Ranar tafiya ki zuba komai a leda ɗaya: na suga, na hawan jini, ragowar atobastatin, kwalbar Yaya, tsohuwar takardar awo, da katin inshorar lafiya in yana da rai. Ki faɗa wa likita gaskiyar ranar da aka daina sha, kada kunya ta sa ki rage watanni. Ki tambaya ko cikin magungunan da aka rubuta wa Baba tun farko akwai na hana jini daskarewa, irin su asfirin, ki tabbatar bai ajiye shi tare da wancan ba. Kafin ranar ta zo kuma, in kika ga baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ko da na minti biyu ne ya warware, kada a tsaya shafa mai ko jiran gari ya waye. Ki kira 112 ko ki tare mota mafi kusa, ki duba agogo ki riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai fara tambayar ki.